Lambar mota ta ƙarfe mai haruffa masu tudu a Birtaniya: tambayoyi da amsoshi

Waɗannan tambayoyi ne da suke yawan fitowa daga bakin masu mota a Birtaniya, musamman waɗanda suka taso a ƙasashen da allon lamba na ƙarfe shi kowa ya sani, suka zo suka tarar kusan kowace mota a nan na roba ne a jikinta. Amsoshin sun shafi Ingila, Sikotilan, Wales da Ailan ta Arewa.

1. Me ake nufi da bugaggiyar lambar ƙarfe, kuma ina bambancinta da ta roba?

Allon lamba ne na alminiyam, kaurinsa kamar milimita ɗaya. Tun kafin a buga komai, an riga an shimfiɗa masa fata mai mayar da haske a fuska, fara don gaba, rawaya don baya. Sai a jera mazubin haruffan, mace da namiji, a sa allon a tsakani, injin matsa ya danne shi har haruffan su taso su yi tudu. Daga nan a bi da shi ta cikin wani inji mai zafi wanda zai manna baƙin launi a kan tudun kaɗai. In ka juya bayansa za ka ga ramin kowane harafi.

Na roba kuwa, wanda aka fi gani a titunan Birtaniya, shafaffe ne: ana buga haruffan a kan fatar mai mayar da haske, sannan a manne ta a bayan farantin roba mai garai-garai, kaurinsa kamar milimita 3. Haruffan na roba suna cikin kariya, na ƙarfe kuwa a fili suke, rana da ruwa da gishirin titi duk a kansu suke sauka. Wannan bambanci shi ne tushen yawancin abin da za a faɗa a ƙasa.

2. Doka ta yarda a hau titi da ita?

Ta yarda, da sharaɗi. Dokokin nuna lambar rajistar ababen hawa na shekarar 2001 ba su ce allon lamba lallai ya zama na roba ba, ba su kuma ambaci ƙarfe da haramci ba. Abin da suka nema shi ne allon ya kasance mai mayar da haske, fari da baƙin rubutu a gaba, rawaya da baƙin rubutu a baya, babu zane ko ado a bayan haruffan, haruffan su kasance a zubi da girma da tazarar da aka kayyade, kuma allon gaba ɗayansa ya cika mizanin Birtaniya da ke aiki ranar da aka ɗaura shi. Daga 1 ga Satumba 2021 wannan mizani shi ne BS AU 145e.

Abin da ke rikita mutane shi ne, bugaggun allunan da ake tallatawa da araha a intanet da yawansu ba su cika waɗannan sharuɗɗa ba. Shi ya sa za ka ji wani ya rantse an ci shi tara saboda lambar ƙarfe, wani kuma ya ce shekara da shekaru yana yawo da ita babu wanda ya ɗaga masa hannu. Dukansu suna iya zama masu gaskiya. Wanda aka ci tara, in ka bincika, za ka tarar laifin na zubin haruffa ne, ko rashin alamar mizani, ko rashin sunan wanda ya sayar (tambaya ta 4).

3. Me mizanin BS AU 145e yake gwadawa?

Shi ne ya maye gurbin BS AU 145d, wanda ya yi aiki tun Satumba 2001. Ana gwada allon a kan yadda yake mayar da haske, daidaiton launinsa, juriyarsa ga duka da lanƙwasa, sauyin zafi da sanyi, hasken rana na dogon lokaci, ruwan gishiri, sinadarai irin su fetur, da kuma gogayya. Sabon mizanin ya ƙara matsa lamba a kan gogayya da kuma yadda kyamarorin karanta lamba suke ganin allon da hasken infared, wanda idon mutum ba ya gani.

Gwajin na allo ne cikakke: alminiyam ɗin, fatar, baƙin launin, da hanyar haɗa su. Saboda haka in mai sayarwa ya ce maka fatarsa ta shahararren kamfani ce, ba ƙarya ya yi ba wataƙila, amma bai amsa tambayar ba. Fata mai kyau in aka matse ta fiye da kima tana tsagewa a gefen haruffa, baƙin launi marar inganci kuma yana gogewa. Tambayar da za ka yi ita ce ko wannan allon, a yadda suke haɗa shi, ya ci gwajin.

Allon da aka ɗaura kafin Satumba 2021 mai alamar 145d yana nan da halaccinsa muddin bai lalace ba. In za a sake sabo, sai 145e, ko motar ta 2005 ce.

4. Allon yana hannuna. Ta yaya zan gane ko ya cika ƙa'ida?

Fara da ƙasan allon. A tsakiya ya kamata ka ga sunan shagon da ya sayar da lambar shiyyarsa ta gidan waya, da ƙananan haruffa. A kusurwar dama ta ƙasa kuma ka ga BS AU 145e tare da suna ko tambarin kamfanin da ya ƙera kayan allon. Rubutun ya zama na dindindin a fuskar allon. In a baya aka manna shi da sitika, ko a jikin firam ɗin da ke riƙe allon aka rubuta, bai wadatar ba. Bugaggun alluna sun fi faɗuwa a wannan mataki, don wasu masu yin su suna barin ƙasan fayau wai ya fi kyan gani.

Sai ka ɗauko rula ka auna haruffan (tambaya ta 5). Sannan da dare ka jingina allon da bango, ka koma baya taku goma, ka riƙe tocila kusa da idonka ka haska. Fari ko rawayan ya ɗauki haske ko'ina daidai, haruffan su tsaya baƙi ƙirin ba tare da ƙyalli ba. In ka ga wani ɓangare ya dushe, ko haruffan suna walƙiya, mayar musu da kayansu.

Mataki na ƙarshe: hukumar DVLA da ke Swansea, mai kula da lasisin tuƙi da rajistar ababen hawa, tana da rajistar masu sayar da allon lamba, kuma ana iya nemo su a shafin gwamnati da lambar shiyya. In sunan da ke jikin allon ba ya cikin rajistar, alamar mizanin da aka buga a kusurwa ba ta da nauyi, tunda kowa zai iya buga haruffa takwas.

5. Nawa ne girman haruffa da tazararsu?

Ga mota, zubin haruffan da doka ta tilasta shi ne wanda ake kira Charles Wright. Tsayin harafi milimita 79, faɗinsa 50 (ban da lamba 1 da harafin I), kaurin layin baƙi 14. Tazara tsakanin harafi da harafi 11, tsakanin rukunin farko da na biyu 33, wato gurbin da ke tsakanin AB21 da CDE. A bar aƙalla 11 babu komai a sama, ƙasa da gefe. In allon mai layi biyu ne, tazarar layin sama da na ƙasa 19.

Akwai wurare biyu da bugaggen allo yake yawan kuskurewa. Na farko kaurin layi. Tudun harafi yana da kafaɗa mai gangara, baƙin launi kuma saman tudun kaɗai yake kamawa. In mazubin an yi shi ne a kan milimita 14 tun daga gindin tudu, baƙin da zai fito a sama bai kai 14 ba. Baƙin za ka auna, ka bar tudun. Na biyu shi ne da'irar da ake bugawa a bakin allon. Allo na yau da kullum milimita 520 ne a kan 111. Cire 79 na harafi, saura 16 a sama da 16 a ƙasa. Cire 11 na dole, abin da ya rage wa da'ira 5 ne kacal. Da'ira mai kauri irin ta wasu allunan Turai ta ci cikin filin da doka ta ce a bari.

6. Ina son irin ta Jamus. Za a iya yi mini da lambata ta Birtaniya?

Za a iya bugawa, amma ba za ka hau titi da ita ba. Allunan Jamus bugaggun alminiyam ne, kuma su ne suka sa matasa masu Golf da BMW sha'awar wannan salo. Sai dai zubin haruffansu, FE-Schrift, wanda aka fara amfani da shi a 1994 don hana a mayar da P ta koma R ko 3 ta koma 8, ya bambanta da na Birtaniya a siffa da girma. Ƙari a kan haka allon baya na Jamus fari ne, yana da shuɗin zirin Tarayyar Turai da harafin D, ga kuma tambura masu zagaye a tsakiya. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan laifi ne mai zaman kansa a motar da ke da rajistar Birtaniya.

7. Baƙin allo mai haruffan azurfa fa?

Wannan shi ne asalin bugaggiyar lambar Birtaniya, kafin a tilasta mai mayar da haske ga motocin da aka ƙera daga 1 ga Janairu 1973. Yau ana yarda da shi ga motar da aka ƙera kafin 1 ga Janairu 1980, in an nemi DVLA ta sa ta a rukunin harajin motocin tarihi. Haruffan suna iya zama fari, azurfa ko toka-toka a kan baƙi.

Akwai tarko a nan. Yafe harajin titi ga tsofaffin motoci yana tafiya ne da shekara 40, kowace shekara yana matsawa gaba. A da izinin baƙin allo yana bin sa a baya, amma daga 1 ga Janairu 2021 aka tsayar da shi cak a 1980. Motar 1983 tana iya samun yafiyar haraji, amma fari da rawaya za ta ci gaba da sawa. Mota sabuwa baƙa wuluk da mai ita ke ganin baƙin allo zai dace da ita, ba ta da hanya ko kaɗan.

8. Tudun haruffan kansa ba laifi ba ne?

A'a. Ƙa'idar DVLA ta yarda da haruffa masu tudu. Sharaɗin shi ne kada su zama masu cirewa, kada su mayar da haske, kuma ga allon da aka ɗaura daga Satumba 2021, baƙi ɗaya tak, babu inuwa, babu launi biyu, babu zanen saƙa a ciki. Ta fuskar cirewa, bugaggen allo ya fi masu haruffan roba da ake mannawa da gam kwanciyar hankali, tunda harafinsa jikin allon ne.

9. A ina zan saya, kuma waɗanne takardu za a nema?

Wanda ya saba da Najeriya, inda allon yake fitowa daga hannun hukuma, FRSC ta buga, ofishin lasisi ya miƙa maka, zai yi mamakin tsarin nan. DVLA lambar kawai take bayarwa. Allon kuwa a shago ake yi, amma shagon sai mai rajista. Ba duk mai rajista ne yake da injin matsa ba, yawancinsu na roba suke yi, don haka bugagge sai an nema.

Za a nemi takarda iri biyu, kuma na asali. Ɗaya mai tabbatar da kai wane ne da inda kake zaune: lasisin tuƙi, ko takardar kuɗin wuta, ruwa ko banki ta cikin wata shida da suka wuce. Fasfo yana tabbatar da suna kaɗai. Ta biyu mai nuna kana da iko da lambar: littafin mota V5C, ko koren yankin sabon mai mota V5C/2, ko V750 da V778 ga masu lambar musamman, ko takardar tunin haraji V11. Mai shagon wajibi ne ya ajiye bayanin cinikin har shekara uku.

Wanda bai tambaye ka ko takarda ɗaya ba, ya nuna maka irin kasuwancinsa. Mutumin da ya tsallake wannan mataki mai sauƙi da wuya ya ɗauki nauyin kai allonsa gwaji.

10. An rubuta "na nuni ne kawai" a tallar. Me hakan ke nufi?

Yana nufin mai sayarwa ya wanke hannunsa. Allo ne na ratayewa a gareji ko sawa a filin baje kolin motoci. Da zarar taya ta taɓa titin jama'a, laifin na direba ne, ko da daga filin zuwa gidan mai ne.

11. Motata ta ci gwajin MOT, wato gwajin lafiyar mota na shekara-shekara, da wannan allon. Ai shi ke nan ya halatta?

Ba shi ke nan ba. Mai gwajin yana duba ko allon yana nan, a ɗaure da kyau, ana iya karanta shi, launinsa daidai, haruffa da tazara ba su kauce ba, kuma ya yi daidai da rajistar motar. Ba a ɗora masa duba alamar mizani ko sunan mai sayarwa ba, ba shi kuma da na'urar auna mayar da haske. Allo yana iya wucewa a gareji da safe, ɗan sanda ya rubuta masa tara da yamma, kuma kowannensu ya yi aikinsa daidai. A tuna kuma mota sabuwa ba ta zuwa MOT sai ta shekara uku, huɗu a Ailan ta Arewa, amma dokar allon tana kanta tun ranar farko.

12. Mene ne hukuncin in aka kama ni?

Galibi tarar nan take ce ta fam 100. Wani lokaci ɗan sanda yakan ba da takardar gyara, a ba ka wa'adi, galibi kwana 14, ka sake allon, ka kai garejin MOT su buga hatimi, ka mayar da takardar. In maganar ta je kotu tarar tana iya kaiwa fam 1,000. Mai lambar musamman da ya saya da tsada yana da ƙarin abin tsoro: DVLA tana da ikon ƙwace lambar in ana nuna ta ba bisa ƙa'ida ba, kuma ba a mayar da kuɗi.

In an tsayar da kai alhali allonka sahihi ne, abin da zai fisshe ka shi ne rubutun ƙasan allon da rasit ɗin shagon. Ajiye rasit ɗin a cikin mota. Ba kowane jami'i ne ya saba ganin bugagge mai halacci ba, nuna masa alamar ya fi gardama a bakin titi saurin kashe magana.

13. Gaskiya ne kyamara ba ta iya karanta lambar ƙarfe?

Allon da ya cika mizani, kyamarar ANPR, wato mai karanta lambar mota da kanta, tana karanta shi sarai. Kyamarar tana watsa hasken infared, fatar ta mayar mata da shi, baƙin haruffa su shanye nasu, daga wannan bambanci take fitar da lambar. Tudun milimita ɗaya ko biyu ba ya hana wannan. Jamus da wasu ƙasashen Turai da dama bugaggu suke amfani da su, kyamarorinsu kuma suna aiki.

Wanda kyamara ke kasa karantawa shi ne allon fenti marar fata, ko mai baƙin launin da infared ke ratsawa. Kuma wannan ba riba ba ce. Yin wani abu ga allo don ya yi wuyar ɗauka a hoto, feshi ne ko rufi mai duhu, laifi ne a dokar 2001. A aikace ma wahala yake jawowa: shingen wurin ajiye mota ya ƙi buɗewa, ko kyamara ta ga shigarka ba ta ga fitarka ba a aiko maka da takardar bashi.

14. Yaya ake ɗaura shi ba tare da an ɓata shi ba?

Hanya uku ce. In da sukuru ne, ɗora tsohon allon a kan sabon ka yi alamar ramuka, amma duba inda suka faɗa kafin ka huda. Ramin da ya faɗa kan gangaren harafi zai sa bakin na'urar huda ya zame ya yage fatar. Manna salatif na takarda a wurin, sa katako a ƙasa, huda daga fuska da baki mai milimita 5 a hankali, sannan ka kankare ƙarfen da ya taso a baya. Kada ka ɗaure da ƙarfi: alminiyam yana lotsawa ya yi kwarmi kewaye da sukurun, kuma ba ya komawa. Sa hular roba mai launin wurin, fara a kan fari, rawaya a kan rawaya, baƙa a kan harafi. Baƙar hula a inda za ta sauya kamannin harafi laifi ce, ko da gangan ko ba da gangan ba.

In da gam mai fuska biyu ne, tuna bayan haruffan rami ne, gam ɗin da aka sa a nan iska yake riƙe. Sa shi a shafaffun wurare: gefe biyu, gurbin milimita 33 na tsakiya, da layin sama da na ƙasa, guda shida zuwa takwas. Goge wurin da sinadarin barasa na goge-goge ya bushe, in lokacin sanyi ne ka ɗan ɗumama bamban da na'urar busar da gashi, ka danna kamar daƙiƙa talatin, kada ka wanke motar sai bayan kwana ɗaya.

Hanya ta uku firam ne na roba da ake zura allon a ciki, kamar yadda ake yi a Jamus. Babu huda, babu gam. Sai dai yawancinsu an yi su ne don allo mai milimita 110, na Birtaniya 111 ne, kuma leɓen ƙasa yakan rufe sunan mai sayarwa da alamar mizani. Gwada kafin ka ɗaura. Bamba mai lanƙwasa kuma, a tanƙwara allon sannu a hankali a kan wani abu mai faɗin zagaye. In aka yi da gwiwa, zai karye a gurbin tsakiya inda babu tudun da ke ƙarfafa shi.

15. Yana tsatsa? Me ke lalata shi?

Alminiyam ba ya jar tsatsa, amma yana yin farin gari, musamman inda ya haɗu da sukurun ƙarfe ga ruwan gishirin da ake watsawa a titi lokacin hunturu. Garin yana shiga ƙarƙashin fatar ya kumbura ta daga bakin rami. Sukurun roba, ko ɗan zoben roba tsakanin sukuru da allo, yana maganin wannan.

Abu na biyu injin wanki mai feshi da ƙarfi: in aka kusanto da bakinsa gefen haruffa, yana ɗaga baƙin launin. Ruwa da sabulu da soso sun isa, kada a sa man goge fenti mai yashi. Na uku tsakuwa da ɗan karo wajen fakin. Na roba tsagewa yake yi, na ƙarfe lotsawa. Da zarar baƙin ya fara cin baki har azurfa ko fari ya leƙo a cikin harafi, allon ya fita daga ƙa'idar da ke tambaya ta 8, sai sabo.

16. Zan iya sa tuta ko alamar ƙasa a gefe?

A gefen hagu, faɗinta kada ya wuce milimita 50. An yarda da tutar Birtaniya, gicciyen Ingila, na Sikotilan, da jan dodon Wales, tare da haruffan ƙasar. Tutar wata ƙasa, tambarin ƙungiyar ƙwallo ko alamar kamfanin mota ba sa ciki. Taurarin Tarayyar Turai an daina sa su a sabon allo daga 1 ga Janairu 2021. Koren ziri kuwa, tun Disamba 2020, na motocin da ba sa fitar da hayaƙi ne kwata-kwata, mai haɗa fetur da batir ba ta ciki.

Ga mai ƙetarawa Turai da mota, daga 28 ga Satumba 2021 alamar ta koma UK maimakon GB. In allonka yana da UK da tutar Birtaniya ba ka buƙatar sitika, sai a Sifen, Saifurus da Malta, inda ake neman sitikar ko me ke jikin allon. Zuwa Jamhuriyar Ailan ba a buƙatar komai.

17. Babur, tirela da motar da aka shigo da ita fa?

Babur yana iya sa bugagge da sharuɗɗan tambaya ta 2, amma haruffansa ƙanana ne: tsayi milimita 64, faɗi 44, kaurin layi 10, kuma a layi biyu. Wanda aka yi wa rajista daga 1 ga Satumba 2001 a baya kaɗai yake sawa. Girgizar babur tana tsaga alminiyam daga bakin rami, don haka a sa masa faranti a baya ya tallafe shi.

Tirela tana ɗaukar lambar motar da ke jan ta, a rawayan allo mai cika ƙa'ida, ba kwali da alƙalami ba. Motocin da aka shigo da su daga wajen Turai, kamar na Japan da Amurka, waɗanda gurbin allonsu bai isa girman na Birtaniya ba, wasunsu suna da sassaucin amfani da haruffa masu tsayin 64. Sassaucin na girman harafi ne kaɗai: launi, zubi, alamar BS AU 145e da sunan mai sayarwa duk suna nan a kansu.